Babi na Shida: Azumin Kwana Arba'in a Bakin Kanal

Ƙasar Kura ba ta bin ƙa'idar rani. A watannin da yawancin gonakin Arewa suke kwance babu komai sai karan dawa da ƙura, mai bin hanyar Kano zuwa Zariya yakan ga kore shar dama da hagu tun daga Kura har Kadawa da Kwanar Gafan. Wannan ya samo asali ne daga madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Daga can aka janyo ruwan Kogin Kano ta babban kanal, aka rarraba shi zuwa filayen da yau suke cikin ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam. Kashin farko na wannan shirin noman rani an tsara shi ne a kan hekta 22,000, ko da yake ba duka aka gyara ba. Tun daga lokacin, watannin da kakanninmu suke hutawa, su yi gyaran ɗaki da shinge ko su tafi cin rani, suka koma watannin da aiki ya fi kowane lokaci tsanani.

A daidai wannan tsakanin azumin Kiristoci na kwana arba'in yake faɗowa, wanda aka fi sani da Lent. Watan Ramadan yana zagaya shekara, mutum ya yi shi da sanyi, ya yi shi da bazara, ya yi shi da damina. Shi kuwa Lent a ɗaure yake da bikin Ista na tunawa da tashin Almasihu, ita kuma Ista ba ta zuwa kafin 22 ga Maris, ba ta wuce 25 ga Afrilu. Saboda haka Larabar Toka, ranar da ake fara azumin, kullum tana tsakanin 4 ga Fabrairu da 10 ga Maris. Kiristan da ke noma a Kura ko Bunkure bai taɓa samun wannan azumi a lokacin hutu ba. Yana fara shi da sauran hazon hunturu, lokacin da tumatir ya cika Kwanar Gafan har ana yanka shi ana shanyawa a bakin titi, ya ƙare shi cikin zafin bazara da lauje a hannu, ana yankan alkama.

Kiristocin wannan yanki ba su da yawa, kuma ba daga wuri ɗaya suka fito ba. Akwai ma'aikata da malaman makaranta da masu sana'a da aiki ya kawo daga Kudancin Kaduna da Filato da Binuwai da Kudu. Akwai kuma 'yan ƙasa, Hausawa gaba da baya, waɗanda iyayensu da kakanninsu Maguzawa ne na ƙasar Rano da Kibiya da Sumaila da Tudun Wada da Karaye da Rogo. Mutane da yawa a birnin Kano ba su san da su ba, ko kuwa sun sani amma suna ɗaukarsu baƙi, alhali wasu gidajensu sun girmi garuruwan da ke kewaye da su. Shigar addinin Kirista cikinsu ba daɗaɗɗen abu ba ne. A 1900 Bishop Tugwell da Dokta Walter Miller suka iso Kano, Sarki Alu bai ba su izinin zama ba, suka koma ƙasar Zazzau. Turawan mulki ma sun daɗe suna hana 'yan mishan aiki a cikin masarautu. Sai a shekarun 1930 ƙungiyar mishan ta SIM ta samu shiga ƙasar Kano, mafi yawa ta hanyar jinyar kutare da aikin asibiti, daga cikinta kuma cocin ECWA ta fito a 1954. Katolika da Angilikan sun faɗaɗa aikinsu a ƙauyukan Maguzawa daga baya, Kano kuwa ta zama cikakkiyar dayosis ta Katolika a 1999. Littafi Mai Tsarki dai tun 1932 yake da Hausa, kuma Miller na cikin manyan waɗanda suka yi wannan aiki.

Ba duk waɗannan coci-coci ne suke kiyaye Lent ba, kuma ya kamata mai karatu ya riƙe wannan tun da wuri. Katolika da Angilikan su ne suka riƙe shi da tsarinsa. A ECWA da Baptis da majami'un Fentikos an fi sanin azumi da addu'ar farkon shekara, ko wanda fasto zai kira idan wata damuwa ta taso, sai kuma Makon Ista wanda kowa yake girmamawa. Duk da haka a ƙauye iyakar ba ta da kauri. Idan maƙwabciya tana azumi, 'yar zumuntar mata ta wata coci takan ce ita ma bari ta taɓa.

Asalin lissafin arba'in ɗin daga Littafi yake. Linjilar Matiyu da ta Luka, kowace a sura ta 4, sun ba da labarin yadda Yesu Almasihu ya yi kwana arba'in a jeji yana azumi kafin ya fara wa'azi, Shaiɗan yana gwada shi. Musa ya yi arba'in a kan Dutsen Sina'i, Iliya ya yi tafiyar arba'in zuwa Horeb. Tun ƙarni na 4, zamanin taron Nikiya na shekarar 325, aka san wannan lokaci a matsayin shirin Ista, musamman ga masu jiran baftisma da waɗanda suka yi babban laifi suna neman a maido su cikin jama'a. Daga Larabar Toka zuwa jajibirin Ista kwana 46 ne. Idan aka cire Lahadi shida, domin ba a azumi ran Lahadi, sai a samu 40. Kiristocin Habasha da Kibɗawan Masar nasu ya fi tsawo, kwana 55 suke yi, babu nama, babu madara, babu ƙwai.

Tokar da ake shafawa a goshi ta ganyen dabino ce, wanda aka riƙe a Lahadin Dabino ta bara, aka adana, aka ƙona. Fada, wato limamin coci, ko katekis yana shafa ta da siffar gicciye, yana tuna wa mutum cewa daga ƙasa aka yi shi, kuma can zai koma. Manomi ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan. Da safen nan zai bar coci ya shiga fangali, kafin azahar gumi ya wanke tokar, ƙasar da aka ambata masa kuwa tana manne a ƙafarsa har gwiwa.

Tambayar da Kirista ya fi sha daga abokin aikinsa Musulmi a bakin kanal ita ce, "Wai malam, wane irin azumi ne naku da ake shan ruwa?" Tambaya ce ta gaskiya, ba ta tsokana ba, kuma ta cancanci amsa ta gaskiya. A dokar Katolika ta yanzu, wadda Fafaroma Paul na Shida ya sassauta a 1966, kwana biyu ne kawai azumi ya zama dole: Larabar Toka da Juma'ar da aka gicciye Almasihu. A waɗannan ranaku baligi daga shekara 18 zuwa 59 zai ci cikakken abinci sau ɗaya, da ɗan abin taɓawa sau biyu wanda bai kai cikakken ci ba. Ruwa bai karya shi. Kowace Juma'a ta Lent kuma, daga ɗan shekara 14 zuwa sama, ba a cin nama. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da aka ɗora wa mutum. Abin da ya ƙaru a kai tsakaninsa ne da Ubangijinsa. Kiristocin Arewa da yawa, da yake sun tashi cikin Musulmi, ba sa jin sun yi azumi sai sun kame baki ɗungurungum daga ƙarfe shida na safe zuwa shida na yamma. Wasu sukan tsaya a sha biyun rana, wasu ƙarfe uku, sa'ar da Linjila ta ce Almasihu ya cika a kan gicciye.

Ni dai ina ganin hikima a wannan sassauci, musamman a wuri irin Kura. Mai ɗaukar kwandunan tumatir yana lodin mota a zafin da yakan kai digiri 40, ko matar da ta duƙa tun hantsi tana yankan alkama da goyo a baya, idan aka ce lallai sai sun yi kwana arba'in babu ruwa, an ɗora musu abin da Littafin bai ɗora ba. Amma sassaucin yana da nasa haɗari, kuma a nan ne nake so mu daɗe. Idan doka ta ce kada ka ci nama ran Juma'a, me ta hana ɗan ƙwadagon da dama sai ya yi wata bai ga tsoka a miyarsa ba? Me kuma ta rage wa mai hali da zai bar naman ya sa a kawo masa kifin Tiga, wanda kuɗinsa ya fi na naman? Dukansu biyu sun cika doka, babu wanda ya ji a jikinsa. Shi ya sa dattawan coci a ƙauye sukan ce wa mutum ya dubi abin da ya fi riƙe masa zuciya ya ajiye shi: wani goro, wani shayin safe, wani taba, wani burkutu, wata kuma gulmar bakin rijiya. Saurayi a yau sai a ce masa ya rage zaman waya. Kuma ba a nan aka tsaya ba. Abin da ka hana bakinka ba naka ba ne ka tara, na wanda ba shi da shi ne. Tsarin Lent ƙafa uku gare shi kamar murhu, addu'a da azumi da sadaka, idan ɗaya ta goce tukunyar ba ta zama.

Karatun da aka tsara wa waɗannan makonni ya fi kowane mai wa'azi faɗar wannan magana da ƙarfi. Ran Larabar Toka ana karanta Annabi Yowel sura ta 2, inda ake kiran jama'a su tuba da zuciya, ba da alamar waje kaɗai ba. Ana karanta Zabura ta 51, addu'ar tuban Dawuda. Ana karanta Matiyu sura ta 6, inda Almasihu ya hana mai azumi ɓata fuska don a gane shi, ya hana mai sadaka yin shela. Kwana biyu bayan haka, ran Juma'ar farko, sai a buɗe Ishaya sura ta 58, kuma ban san wani nassi da ya dace da filayen Kadawa kamar wannan ba. Mutanen da annabin yake magana da su masu ibada ne na gaske. Suna azumi, suna ƙasƙantar da kai, har suna ƙorafin cewa Allah bai kula da su ba. Amsar da aka ba su ita ce, a ranar azumin nasu suna matsa wa ma'aikatansu, suna faɗa da juna. Azumin da Allah yake karɓa, in ji surar, shi ne a kwance wa wanda aka danne, a raba abinci da mayunwaci, a ba marar wurin kwana masauki, a suturta marar tufa.

Noman rani gaba ɗayansa a kan wuyan 'yan ƙwadago yake tafiya. Dashe, cira, ban ruwa, tsinkar tumatir, yankan alkama da shinkafa, sussuka, lodi, duk hannu ne. Da yawa daga masu wannan aiki mata ne, da tsofaffi, da yara, da 'yan cin rani da suka baro garuruwansu. Ba yau aka fara jayayya a kan ladansu ba. A ƙarshen shekarun 1970 matan ƙauyukan nan da ke tsinkar wake a gonar wani kamfanin Turawa a Kadawa sun yi yajin aiki a kan kuɗin da ake biyansu, har masu bincike suka rubuta labarin. Kamfanin ya daɗe da tafiya, amma halin bai tafi ba. Har gobe akwai mai gonar da zai sa a yi masa aiki, la'asar ta yi ya ce, "Ku yi haƙuri sai na sayar." Idan kasuwa ta faɗi, kwandon tumatirin da aka saya da tsada a watan Yuni ya koma ba ya biyan kuɗin motarsa a watan Maris, asarar takan gangara ta sauka a kan wanda ya fi kowa rauni. Na san manomi ma yana cikin matsi. Taki ya yi tsada, man injin ya yi tsada, tsutsar da ta cinye tumatirin Kano a 2016 tana dawowa, masana'antar tumatir ta Ɗangote da aka buɗe a Kadawa a wannan shekara ta 2016 kuma ta sha tsayawa. Duk da haka Littafin Firistoci sura ta 19 da Maimaitawar Shari'a sura ta 24 ba su bar ƙofa ba: ladan ɗan ƙwadago ba ya kwana a hannun mai gona. Wasiƙar Yakubu sura ta 5 ta ce hakkin masu girbi da aka danne yana kai ƙara gaban Allah. Musulmin da ke karanta wannan babi ya san irin wannan umarni a hadisi, game da biyan ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba. Kirista mai gona da ya kame baki daga shida zuwa shida, ya sallami masu yi masa yanka hannu wofi, yunwa kawai ya sha.

Sai maganar ruwa. Duk wanda ya yi noma a wannan shiri ya san bambancin gonar da ke kusa da bakin kanal da wadda ke can ƙarshe. Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. Mai gonar sama yakan tare ruwa ya wuce ranarsa, ko ya fasa gefen kanal da dare, ko ya ƙi fitowa aikin gayyar yashe ciyawa da laka tunda shi ruwa yana iso masa ko an yashe ko ba a yashe ba. Na ƙarshe kuwa yana kallon alkamarsa tana ƙonewa a daidai lokacin da take cika ido. Hukumar Kogin Haɗeja da Jama'are tana da nata alhakin, ƙungiyoyin masu amfani da ruwa suna da nasu, amma akwai abin da babu jami'in da zai iya tsarewa da ƙarfe biyun dare. A ganina babu azumin da ya fi dacewa da Kiristan da gonarsa take sama kamar ya ɗauke bututunsa idan rabonsa ya cika, ya bar ruwan ya wuce, ko da wanda ke ƙasa ba ɗan cocinsu ba ne, ko da sun taɓa faɗa. Wannan kamewa ce da ta fi ta ciki wuya, domin ana jin ta a buhu ranar girbi.

Haka batun kala. Dokar Musa ta hana mai gona girbe gonarsa har gefe, ta hana shi komawa ya tsince abin da ya zuba, domin rabon matalauci ne da baƙo. Littafin Rut gaba ɗaya a kan gwauruwa baƙuwa yake, wadda ta rayu da kala a gonar Bo'aza lokacin girbin sha'ir da alkama. Bahaushe ya san kala tun kafin a kawo masa wannan labari. Tsofaffin matan da ke bin bayan masu yanka da ƙwarya a hannu ba roƙo suke yi ba, al'ada ce ta ba su wannan hakki. Yanzu da injin girbi yake shigowa, kuma kowace ƙwayar hatsi ta zama kuɗi, ana ƙara samun masu korarsu. Mai azumin da ya karanta Rut ba shi da hujjar korar kowa.

Yadda ake yin ibadar kanta abu ne mai sauƙi. A ƙananan majami'u fada ba ya samun zuwa kowane mako, domin ƙauyukan da ke ƙarƙashinsa suna da yawa, saboda haka katekis ne ko wani dattijo yake jan addu'a. Ran Juma'a da yamma, bayan an tashi daga gona, Katolika sukan bi Hanyar Gicciye, tasha 14, ana durƙusawa ana tashi, ana tuna wahalar Almasihu tun daga yanke masa hukunci har sa shi a kabari. Mutanen da suka wuni a duƙe su ne suke sake durƙusawa sau goma sha huɗu, kuma ban taɓa jin wannan ya zama abin ƙorafi ba. A gida, da yake tsofaffi da yawa ba su yi boko ba, ɗan makaranta ne yake karanta surar da fitilar waya, uwa ko kaka ta yi bayani. Sau da yawa bayanin nata ya fi na mai karatun zurfi. Idan aka zo misalin itacen ɓaure a Luka sura ta 13, wanda ya yi shekara uku bai yi 'ya'ya ba, mai lambu ya roƙa a ƙara masa shekara guda ya yi masa kaftu ya zuba taki, babu wanda zai koya wa matar da ta yi rayuwarta a gona ma'anar wannan haƙuri, ko ma'anar cewa wa'adin yana da iyaka. Haka maganar ƙwayar alkama a Yahaya sura ta 12, wadda sai an binne ta take yin yawa. Wanda ya zuba iri a watan Nuwamba yana cikin yankansa ne ake karanta masa ita.

Makon ƙarshe shi ne Mako Mai Tsarki. Lahadi a zaga da ganyen dabino. Alhamis a tuna jibin ƙarshe, shugaba ya wanke ƙafafun mutanensa. Juma'a a yi azumi da makoki. Asabar da dare a kunna wuta, a yi wa sababbin masu bi baftisma, Lahadi a yi Ista. Litinin kuma yara da matasa su fita abin da ake kira zuwa Galili, a ci a sha a yi wasa. Tuwon Ista da naman da aka yanka sukan shiga gidajen maƙwabta Musulmi, kamar yadda abincin Salla yake shigowa gidajen Kiristoci.

A 'yan shekarun nan azumin biyu sun yi ta haɗuwa. A 2025 an ɗauki Ramadan a Najeriya ran 1 ga Maris, Larabar Toka ta zo ran 5 ga wata, aka yi Ƙaramar Salla ran 30 ga Maris, Ista kuma ran 20 ga Afrilu. Kusan mako huɗu ke nan masu aiki a fangali ɗaya suna jin ƙishirwa ɗaya, ana ce wa juna "Ya ibada?", da magariba a ce "Barka da shan ruwa." Manya a birane sun fitar da sanarwar taya juna murna, kuma babu laifi a ciki. Sai dai zaman lafiyar da ake nema a can sama, a nan ƙasa abin da yake riƙe shi bai wuce a biya ladan yini a kan kari ba, a saki ruwa a ranar da aka yi alkawari, a bar tsohuwa ta yi kalarta.

Saboda haka ina roƙon fada da fasto da katekis da shugabar zumuntar mata a wannan yanki: idan Larabar Toka ta zo, kada wa'azi ya tsaya a kan abin da za a ci da abin da za a bari. A tambayi masu gona a fili ko akwai ɗan ƙwadagon da ke binsu bashi, a ce su biya kafin Juma'a. A tambayi na bakin kanal ranar da zai saki ruwa. A ajiye kwano a ƙofar coci, duk wanda ya tsallake cin rana ya zuba mudun da ya rage, a kai wa gwauraye da marayun unguwa ba tare da an tambayi addininsu ba. Kai kuma ɗan'uwa Musulmi da kake noma kusa da Kirista, idan ka ga toka a goshinsa, ka san ya shiga kwanakin tuba ne. Ka gaishe shi da ibada, kuma idan ka ga ya tare ruwa ya wuce ranarsa, ka tuna masa da Ishaya sura ta 58.